Raƙuman Timiya da rumfar mai lambu

Shekaranjiya na sauka Kano daga Abzin, har yanzu bayana na ciwo. Hanyar Damagaram zuwa Tanut zuwa Agadas babu abin labari sai ramuka da shingaye. A wani shinge jami'i ya ƙi amsa sallamata, ya riƙe takarduna yana latsa waya, sai da direba ya sauko ya roƙe shi. Abin ya ƙona mini rai.

Timiya ce ta wanke mini zuciya. Sama da kilomita 200 take arewa maso gabashin Agadas, cikin baƙaƙen duwatsu, amma ga lemu, ga rumman, ga dabino. Kuma raƙumi ke ba su ruwa! Igiya ta bi ta kan wani itace mai juyawa a bakin rijiya, yaro ya ja akala, raƙumin ya yi gaba, gugar fata ta taso ta juye kanta a magudana, ya dawo da baya. Haka tun asuba. Mu a Kano sai mai ya yi tsada injin ban ruwa ya kwanta, kayan miya su bushe.

Wani mai lambu, dattijon Ba'abzine, ya ja ni rumfarsa. Ganyen dabino ne da itace. Ciki akwai fartanya, igiyoyi, sirdi, buhunan albasa da gawayin shayi. Iska na ratsa ta ko'ina, ya ce shi ya sa albasa ba ta ruɓewa. Ina ma masu lambunmu da suka koma rufin kwano su zo su gani.

Na ce, "Baba, tozon raƙumin nan ya ɗan kwanta." Ya ce, "Ɗana, rani ne. Kitse ne a ciki, da damina zai miƙe." Taguwarsa na da ciki, wata 13 ake jira. Ya ce amalen da ya sha ƙishi kan hanyar Bilma, garin gishiri da ke cikin hamada, yakan zuƙe lita 100 a tsaye ɗaya. Shayi zagaye uku, cuku, kwandon lemu, ko sisi ya ƙi karɓa.

A kasuwar dabbobi ta Agadas kuwa dillalai sun ji Hausar Kano suka ninka kuɗi, abin bai dace ba. Sirdi kaɗai na saya. Muka kwana Damagaram, washegari Daura, sai gida.