Admin ba abin wasa ba ne

Wallahi jiya na sha wuya a siber ɗina, wato shagon kwamfuta da intanet, nan Garwa. Kwamfuta huɗu gare ni, duk Windows 10, kuma tun da na buɗe wajen asusu ɗaya tak kowa ke shiga da shi, na admin, wato asusun da ke da ikon girka manhaja ko canza komai a kwamfuta, don lalacina kawai. Ashe yaran da ke zuwa buga takardu kowa na sa abin da ya ga dama, wani wasan ƙwallo, wani manhajar sata daga kile USB, har ta kusa da ƙofa ta koma ko Word sai ka gama shan shayi kafin ya buɗe, ga zafi ga mutane a layi.

Ƙanena da ke karatu a Ngaundere ya duba ya ce "Yaya, ai makullin gida ka ba kowa." Na ji haushi amma gaskiyarsa ce. Ya buɗe ma kowace asusun standard, wanda ba shi da ikon admin, shi kuma na admin ɗin ya sa masa kod, wato kalmar sirri, ni kaɗai na sani. Yanzu duk mai son girka wani abu sai wani akwati ya fito a allo yana neman kod.

Da safen nan wani yaro ya matso, wai "Alhaji ɗan sa mini kod ɗin." Na ce me za ka girka tukuna? Ya yi tsit.