Talata: saƙon Baba Fasto bai shigo ba

Tun ƙarfe biyar na asuba nake duba waya, domin a wannan lokacin ne Baba Fasto yake turo ayar safiya da gajeriyar addu'a da muryarsa, amma har na dama wa yara koko suka tafi makaranta, rukuninmu na WhatsApp shiru yake. Wajen ƙarfe bakwai wani ɗan'uwa ya sake turo saƙon makon jiya na Zabura 121, sai ga "Amin" tana ta zubowa kamar ruwan watan Agusta. Babu wanda ya lura cewa tsohon saƙo ne, balle a tambayi ina mai muryar yake. Abin ya tsaya mini a rai har wurin aiki.

Da la'asar na hau keke na nufi gidansa. Na same shi a kan tabarma a gindin darbejiya, ƙafafunsa sun kumbura, ƙafar tabaransa ɗaya kuma an ɗaure ta da zare. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, lafiya kuwa? Yau ba mu ji ku ba."

Ya yi dariya ya ce, "Lafiya lau, 'yata. A asibiti na kwana wajen wata gwauruwa daga tsohuwar majami'ata, ba ta da kowa a Jimeta. Wayar ta mutu tun dare, na dawo kuma ba a kawo wuta ba."

Na gaya masa abin da ya faru a rukuni, ina tsammanin ransa zai ɓaci. Cewa kawai ya yi Maganar Allah ba ta tsufa. Ni kam ban gamsu ba, ko da yake ban musa masa ba.

Daga nan ya shiga ba ni labarin yadda saƙon ya samo asali. A ƙarshen Oktoban 2014, da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi suka kuma mamaye hedkwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a Kwarhi, inda shi ma ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp yana saurayi, jama'arsa ta watse: wasu Yola, wasu Jos, wasu suka tsallaka Kamaru. Ba shi da bagadi, ba shi da majami'a, sai lambobin waya da ya rubuta a bayan littafin waƙoƙinsa. Ya riƙa tura musu aya ɗaya kowace safiya, wanda ya amsa kuwa ya san yana da rai. Ya ce a lokacin kowace amsa yakan sa mata alama da biro, wanda ya kwana biyu bai amsa ba sai ya bi dangi yana cigiyarsa.

Nan ne jikina ya yi sanyi. Mutumin da ya yi shekaru yana taka keke daga ƙauye zuwa ƙauye a ƙasar Michika, yana baftisma, yana ɗaura aure, yana binne matattu, ya yi ritaya amma bai daina ƙirga tumakinsa ba, yau shi ne ya ɓace yini guda babu mai cigiya.

Mama, matar Baba, ta hana ni tafiya sai da na ci tuwo da miyar yakuwa, tana tsokanar Baba cewa ya fi kula da waya a kan matarsa, muka yi ta dariya.

Ban sami zuwa koyon waƙar Zumuntar Mata ba. A hanya na tsaya na tambayi kuɗin ƙaramar sola da za ta iya cajin waya da kunna fitila ɗaya. Na kira sakataren majami'a domin a sa maganar cikin taron dattawa na ranar Lahadi, bai ɗauka ba, zan sake nemansa gobe kafin in fita.