Rabon mota

Ɗan ƙanwata ne ya zo min ranar Juma'a bayan la'asar da hoton wata mota a waya, wai Kawu duba min wannan, riyal dubu 28 suke nema amma zasu rage. Mota tana sheƙi kamar an lashe ta. Nace ka ji kukan injinta? yace a'a. Ka ga istimara, wato takardar rajistar motar, sunan wa ke jiki? yace a'a. Toh me ka gani? yace ai Kawu fentinta na asali ne. Dariya kawai nayi, don nima da fenti aka fara cina.

Motata ta farko Cressida ce fara 'yar 86, a haraj ɗin Jidda, kasuwar tsoffin motoci, na saye ta a 1999 da kuɗin da na tara wajen tura keken tsofaffi a Harami. Lokacin ina zaune gidan wani kawuna a Shari' Mansur a Makka, kuma duk wanda ya san unguwar nan ya san idan ka shigo da mota taka ta kanka to ka zama wani abu, har shayi ake miƙo maka ba ka tambaya ba. Kaddada na fara, wato ɗaukar fasinja da motar gida, masu zuwa Masallacin A'isha a Tan'im su ɗauro harami, masu zuwa Jidda, in azumi ya zo kuwa ba'a magana, kuɗi na shigowa ina zubawa a aljihu ina kashewa, na aika gida, na ɗinka jallabiyya, na sayi agogo, a ganina duk abinda ya shigo riba ce tunda motar tawa ce ba na biyan balas ga kowa.

Baƙin mai sai ya koma kamar kwalta nake canzawa. Lagireto kuma ruwan famfo nake ɗura mata kullum da safe, ban san yana barin gishiri yana toshe hanyoyin ciki ba. Wata rana da bazara, irin zafin Makka da ke haura 45, na kwashi mutum huɗu zuwa Ɗa'if ta hanyar Hada, hawan nan mai kwana-kwana da birai a gefen titi. Ina kallon allurar zafi tana hawa amma nace bari dai mu kai sama. Bamu kai ba. Hayaƙi ya turnuƙe, na tsaya, kuma don ƙarin wauta na ɗauko jarkar ruwan sanyi na sheƙa wa injin da ke tafasa. Ƙas! naji ƙarar da kunnena. Gasket ya ƙone, kan injin ya tsage.

A warsha, wato garejin kanikawa, na haɗu da mutumin da ya koya min sana'ar nan da gaske, wani dattijo bakanike Bahaushen Sudan, mutumin Mai Wurno, Hausarsa rabi da Larabci, kowa Baba yake ce masa. Ya faɗi kuɗin garambawul nace Baba wallahi bani da ko rabinsa. Ya ajiye sifana ya dube ni yace ya waladi, shekara biyu baiwar Allah nan tana maka bauta, ina rabonta? Nace wane rabo kuma. Yace duk riyal ɗari da ta kawo, talatin nata ne ba naka ba, na taya ne da mai da birki, da kuma na ranar da zata mutu, don kullum ka tada ta tana cin kanta ne kaɗan-kaɗan, kai kuma ka haɗa naka da nata ka cinye. Ya zazzage kusoshi daga wani gwangwanin Nido ya miƙo min yace ga bankinta. Cressida dai tashlih ta tafi aka sayar da ita kayan gyara, na koma tuƙin motar wani kusan shekara uku, amma gwangwanin na riƙe shi.

Camry na saya bayan nan, kuma ita ce motar da bata taɓa bani kunya ba sai da ruwa ya ci ta. Kwanakin aikin hajji ba'a barin ƙananan motoci su shiga Mina da Arfa, saboda haka a 2009 na kai ta Jidda na ajiye ƙofar gidan wani abokina a unguwar Guwaiza na dawo Makka hidimar alhazai. Ranar Laraba 25 ga Nuwamba, 8 ga Zulhajji, aka yi ruwan nan da duk wanda ke Jidda ba zai manta ba, mutum sama da ɗari suka rasu, motoci kuwa ambaliya ta ɗora wasu kan wasu kamar gwangwanaye. Tawa bata tafi ba, katanga ta tare ta, ruwa ne dai ya cika ta har sitiyari. Da an barta haka aka ja ta warsha aka cire fulogai aka zubar da ruwan aka canza mai, da wataƙila ta tashi. Sai ƙanin abokin nawa, da kyakkyawar niyya, ya murza makulli wai ya gwada ko tana da rai. Shi ruwa ba ya matsuwa kamar iska, fistin ya taso ya same shi a silinda, konrod suka lanƙwashe, shikenan. Ta'amin ɗina, wato inshora, kuma mai arha ne, wanda ke biyan motar da ka buga kawai, taka kuwa Allah ya ƙara haƙuri. Ban yi wa yaron faɗa ba, mutane na neman gawarwakin 'yan uwansu ina ni ina kuka kan ƙarfe. Abinda ya bani mamaki shine da na buɗe gwangwanin Baba, wanda lokacin ya zama gwangwani uku, kuɗin ciki sun kusa sayen wata motar. Ran nan na je na gaishe shi da kilo biyu na nama.

Toh sai shaiɗan ya kawo Jims. Haka ake kiran GMC a nan, ƙatuwar Suburban baƙa, na ganta na kasa barci. Na gaya wa kaina ai don jigilar Madina ce, mutum bakwai da kayansu da jarkokin zamzam, kilomita wajen 450 zuwa kawai, banda dawowa. Gaskiyar magana don a ganni ne. Kuma fetur a lokacin halala 45 ne lita, ƙasa da rabin riyal, tankinta da ya haura lita ɗari da riyal hamsin nake cika shi, ruwan gora ya fi mai tsada. Kuskuren da nayi wanda har yau yake min ciwo, da sunan kafil ɗina, wato ubangidan da takardar zamana ke ƙarƙashinsa, aka yi istimara, bisa amana, ba takarda ba shaida, yace kai ɗan uwana ne. Ni kuma na ji daɗin kalmar.

Kyamarar Sahir, mai kama masu gudu a titi, ce ta fara tona min asiri. Duk sanda ta haska ni a hanya, saƙon mukalafa, wato tara, wayar kafil ɗin yake zuwa tunda shine mai mota a takarda, sai ya zamana ya san sau nawa nake zuwa Madina a sati, ya fara lissafi, ya fara cewa a riƙa tuna shi. Sannan ƙarshen 2015 lita ta koma halala 75, farkon 2018 ta koma riyal 1.37, tankin hamsin ya zama na ɗari da hamsin, a shekarar kuma jirgin ƙasa na Haramain ya fara aiki yana kai mutum Madina cikin awa biyu da wani abu. Har matan da nake kai wa 'ya'ya makaranta, biyu daga ciki suka yi lasin bayan an ba mata damar tuƙi a watan Yunin shekarar, ɗaya ta kira ni da kanta tana murna, na taya ta murna ina lissafin riyal 600 da suka fita daga aljihuna duk wata.

Don in cike giɓi sai na fara cin barcina. Goman ƙarshe na azumi na yi sawu biyu a jere ban runtsa ba, muna tsakiyar hanyar Hijra bayan asuba naji tayoyi suna gurnani a bakin titi, ashe na tafi. Wata Hajiya 'yar Sakkwato da ke bayana ta daki kujerata tace direba tsaya. Nace Hajiya lafiya lau nake. Tace ɗana, kowa na son a binne shi a Baƙi'a amma ni dai ban shirya yau ba, faka ka kwanta mu zamu jira. Na faka a wani gidan mai nayi barcin awa ɗaya da rabi suna zaune suna lazimi, ba wanda ya ce min kanzil. Daga ranar ban ƙara yin sawu biyu ba ko nawa za'a bani.

Da na tashi sayar da Jims sai da sa hannun kafil ɗina, kuma ya ƙi sa wa sai da ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku. Na kai ƙara wajen manyan unguwa suka ce ina shaidarka, nace Allah, suka ce shi ma haka yace. Na haɗiye.

Yanzu wata 'yar Accent nake ja, da sunana, ba mai waiwayowa ya kalle ta, mukayyif ɗinta, wato AC, na sanyi kuma bata shan mai, ina kai ma'aikatan wani kamfani ina dawo da su. Da korona ta zo a 2020 aka tsayar da Umara, Makka tayi tsit kamar ba ita ba, motar ta yi wata da watanni a tsaye har batir ya mutu, a nan na karya dokar Baba na buɗe gwangwani muka ci shinkafa da rabon mota ni da yara. Lokacin ya riga ya koma Sudan, Allah ya jiƙansa can ya rasu, na san da yana nan cewa zai yi bashi ne ka ci, ka biya ta. Na biya kuwa, sai da na shekara biyu ina mayarwa.

Ranar Asabar muka je ganin motar yaron. Fenti kam ba ƙarya. Nasa aka tada ta da sanyinta na saurara, inji ba laifi. Sai na buɗe but na ɗaga kafet na ciro safaya, ga busasshen laka kwance a ƙasan ramin, na leƙa ƙarƙashin kujera ƙarafunan duk tsatsa. Mai motar yace ai wanki ne aka yi mata da yawa. Nace Allah ya kawo kasuwa. A hanya yaron ya yi shiru har muka wuce Shumaisi, can yace Kawu to wace iri zan nema, nace ka fara nemo gwangwani tukuna, yace Kawu yanzu ai a waya ake ajiya. Nace ko a ina ne, in dai ba inda hannunka ke kaiwa da daddare ba.