Alƙawarin gidan sauro da na yi da bakina

Ƙannena masu son shiga aikin sa-kai, bari in ba ku labarin abin da na ɓata da hannuna, ko Allah zai sa ku kauce masa.

Shekara biyu na yi ina bin gida-gida a unguwarmu cikin birnin Kano, ina lallashin iyaye su fito da yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ɗiga musu rigakafin shan inna. Ba iliminmu ke buɗe mana ƙofa ba. Da zarar an ce "ai 'yar gidan Malam ce," sai a shimfiɗa mini tabarma. Ban gane ba a lokacin cewa mutuncin mahaifina nake ɗauka ina ba hukuma aro.

Wata rana wata dattijuwa ta tare ni a tsakar gida. Ta ce: "'Yar nan, me ya sa wannan ake kawo shi kyauta har ɗaki, amma in zazzaɓi ya kama yaro sai mun sayi magani?" Tambaya ce mai nauyi, ni kuwa ba ni da amsarta. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ce: "Inna, ki bari a yi musu, mako mai zuwa za a raba gidan sauro." Babu wanda ya aike ni da wannan magana, ƙishin-ƙishin na ji. Ta saki jikokinta huɗu, aka ɗiga musu, aka shafa musu alama a yatsa, aka rubuta da alli a bango. Na fita ina murna.

Gidan sauro bai zo ba. A zagaye na gaba, ba gidanta kaɗai aka rufe mana ba, har da gidaje uku na maƙwabtanta. Kuma ba su ce ni na yi ƙarya ba, cewa suka yi "mutanen asibiti" maƙaryata ne. Da bakina na jawo wa ma'aikatan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Wani abin da nake nadama shi ne kallon jahilai da na riƙa yi wa masu ƙi. Alhali mutanen Kano suna da dalilin ɗari-ɗari. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin magunguna na Amurka ya yi gwajin magani da yara kusan 200 a garin nan, 11 suka rasu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar, ba a dawo da shi ba sai a 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki, 'yan sa-kai suka yi ta safa da marwa shekara da shekaru, kafin a ayyana a Agustan 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ɗaga wa mai tambaya murya ba.

Don haka in an tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce za ku tambayo, kuma ku dawo da amsar ko da ba mai daɗi ba ce. Ku kai koken mutane sama kamar yadda kuke kawo musu saƙon sama.

Na koma wurin Inna na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta amsa gaisuwata, ta ce ta yafe. Amma har na bar aikin, ba ta ƙara sakin jikokinta a hannuna ba, sai in mai unguwa ya zo da kansa.