Mutumin da ke cikin rigar dodo

Wani dare barci ya ƙi zuwa, ina ta lalube a intanet, sai na faɗa kan wani tsohon fim na Cekoslobakiya, Panna a netvor, wato Budurwa da Dodo, wanda Juraj Herz ya shirya a 1978. Ko kalma ɗaya ta yarensu ba na ji, rubutun ƙasan allo nake bi. Dodon kuwa ba mai kama da zaki ba ne irin na fina-finan yara. Kan tsuntsu gare shi, baki a lanƙwashe kamar na shaho, ga farata zaƙo-zaƙo.

Fuskar mai wasan a rufe take ruf, ba murmushi, ba ɗaure fuska. Duk da haka ina gane lokacin da yunwa ke cin dodon, da lokacin da kunya ta kama shi. Wuya yake karkatarwa, ya ɗage kafaɗa, ya laɓe yana leƙen yarinyar, ya taka a hankali kamar ƙasa za ta ƙone shi. Na ce a raina, wannan ba a gaban kyamara ya koyi tafiya ba.

Ashe kuwa ɗan rawa ne. Sunansa Vlastimil Harapes, an haife shi a 1946 kusa da garin Chomutov. Ya gama makarantar koyon rawa ta birnin Firag a 1965, shekara ta zagayo ya shiga ƙungiyar rawar bale ta Gidan Wasan Ƙasa, a 1971 kuma ya zama cikin masu fitowa su kaɗai a dandali. Ita bale ba a magana a cikinta. Soyayya, kishi, mutuwa, duk da jiki ake faɗa, har na kujerar can baya ya gane. Kullum safiya ɗan rawa yana riƙe da sandar jikin bango yana maimaita taku ɗaya har gumi ya jiƙa riga, sannan da dare ya ɗaga mace sama da hannu biyu, fuskarsa kamar auduga ya ɗauka. Wanda ya shekara goma yana wannan, me rufe fuska zai rage masa?

A nan wurinmu namiji ya ce sana'arsa rawa, sai an yi taron dangi. Shi kuwa ƙungiyar aka danƙa masa a 1990, bayan faɗuwar mulkin kwaminisanci, ya riƙe ta har 2002.

Fim ma bai shige shi da ƙafar hagu ba. Yana saurayi ya fito a matsayin Kristián cikin Marketa Lazarová na František Vláčil, 1967, wanda masu sharhi na ƙasar suka taɓa zaɓa a matsayin fim mafi kyau a tarihinsu. Na gwada kallonsa, ya kusa awa uku, kuma gaskiya ya fi ƙarfin kaina a zama ɗaya. Da girma ya zo, sai ya koma alƙalin gasar rawa ta StarDance a talabijin. Ya rasu ran 15 ga Mayu, 2024, yana da shekara 77.

Wurin da faratan dodon suka rikiɗe suka zama hannun mutum, sau uku na mayar da shi baya. Yana juya tafin yana kallo kamar na aro. Ina cikin na huɗu aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuma dama a mace yake.