Kwaskwarimar C-Class ta 2011: Abin da Aka Canza da Abin da Muke Saye

A ƙarshen damina ƙanena ya roƙe ni in raka shi wurin wani dillalin motoci domin mu duba wata Marsandi C300 da ya ƙyalla ido a kanta, baƙa wuluk, an wanke ta an goge har mutum yana ganin fuskarsa a jikin ƙofa. Dillalin ya ce ƙirar 2013 ce, kuma duk wanda ya tsaya a gabanta ba zai yi masa musu ba, domin fitilun gaban masu lanƙwasa ne, ga siririn layin haske a kwance cikin bamba, ga fitilun baya irin na sabon yayi. Sai da na buɗe ƙofa na zauna a kujerar direba na ga murfin nan da ke saman dashbod, wanda ake ɗagawa allo ya bayyana a ƙarƙashinsa. Na fito na duba lambar shasi a ƙasan gilashin gaba, na ƙirga zuwa harafi na goma, wanda ke faɗin shekarar ƙira, na tarar da 9. Na ce masa, "Alhaji, ai wannan 2009 ce." Bai ji kunya ba ko kaɗan, ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, an ɗaga ta ne, kuma ba wanda zai gane a kan titi." Nufinsa an sauya mata fuska ta koma kamar sabuwar ƙira. Gaskiya ya faɗa, a kan titi ba mai ganewa, kuma wannan magana tasa ce ta sa na zauna in rubuta ra'ayina a kan muhawarar da masu sha'awar motoci suka daɗe suna yi game da kwaskwarimar da aka yi wa wannan mota.

Kamfanin Mercedes-Benz ya fitar da wannan ƙira, wadda makanikai suka sani da lambar W204, a shekarar 2007, ta kuma isa kasuwar Amurka a matsayin ƙirar 2008. Al'adar manyan kamfanonin Jamus ce idan mota ta yi shekara uku ko huɗu a kasuwa su sabunta ta ba tare da sun taɓa ginshiƙinta ba, domin ta iya jure gasa har lokacin da magajiyarta za ta fito. Mutanen BMW suna kiran wannan aiki LCI, masoya Marsandi a Jamus kuma suna ce masa Mopf. An nuna W204 da aka sabunta a bajekolin motoci na Detroit a watan Janairun 2011, aka fara sayar da ita a Turai cikin Maris na wannan shekara, Amurkawa kuma suka karɓe ta a matsayin ƙirar 2012. Ba a banza aka zaɓi lokacin ba, domin BMW tana dab da fitar da sabuwar 3 Series ƙirar F30, Audi ma tana shirin gyara A4. Kamfanin ya ce ya sauya sassa fiye da 2,000 a jikin motar, kuma daga cikin waɗannan dubu biyu, abin da ido yake gani daga waje bai taka kara ya karya ba.

Duk da haka a kan wannan ɗan abin na waje ake yawan tayar da jijiyar wuya. Masu goyon bayan fuskar farko suna cewa fitilunta masu kusurwa sun dace da jikin motar, wanda dama layukansa miƙaƙƙu ne, kuma suna ba ta kwarjini irin na babbar yayarta S-Class ta wancan zamani. A ganinsu an ɗauko idanu masu lanƙwasa an liƙa wa jikin da aka zana da ma'auni, sai fuskar ta yi laushi alhali kafaɗun suna nan da taurinsu. Ɗaya ɓangaren kuma yana cewa tsohuwar fuskar ta tsufa da wuri, musamman zagayayyun fitilun hazo da ke cikin bamba, waɗanda da ka gan su ka san motar ta kwana biyu a duniya. Ni dai na fi karkata ga mutanen farko idan ana maganar C-Class mai tauraro a tsaye bisa bonet, wato samfurin Luxury ko Elegance, domin natsuwar tsohuwar fuskar ta fi dacewa da ita. Idan kuwa samfurin Sport ne mai ƙaton tauraro a tsakiyar hanci, sabuwar fuskar ta fi yi masa kyau. Amma wannan magana ce ta son rai, kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma ban taɓa ganin wanda aka sauya wa ra'ayi a kanta ba.

Inda babu wata jayayya mai ƙarfi shi ne cikin motar. Tun fitowarta a 2007 masu gwajin motoci suka yi ta ƙorafi cewa robar dashbod ɗin tana da tauri, ba ta dace da kuɗin da ake biya ba, kuma wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ta da yatsa ya san sautin da nake nufi. A kwaskwarimar 2011 an cire dashbod ɗin gaba ɗaya an zuba sabo. Allon da a da yake ɓoye ƙarƙashin murfi, ko yake fitowa da kansa a motocin da ke da na'urar COMAND mai sarrafa taswira da sauti, an mayar da shi na dindindin a ƙarƙashin rumfa guda da agogunan direba. An shimfiɗa faffaɗan ado na katako ko na ƙarfe daga tsakiya har ɓangaren fasinja, an sauya sitiyari, an sa ƙaramin allo mai launi a tsakiyar agogon gudu, maɓallan kuma suka yi nauyi a hannu. Direba ba ya ganin fitilun motarsa sa'ad da yake tuƙi, abin da yake gani kuma yake taɓawa tun daga Kano har Abuja shi ne wannan dashbod, saboda haka a wurina nan ne kwaskwarimar ta biya kuɗinta. Akwai dai 'yan tsiraru da suke kewar allon nan mai fitowa, suna cewa akwai wani armashi idan ka kunna mota ya taso a hankali, kuma idan ka rufe shi da dare ba abin da ke haska maka ido. Na fahimce su, sai dai duk abin da ke motsi da ƙaramin inji da haƙoran roba, a ƙasar da rana take dafa mota a ajiye kuma ƙurar hunturu take shiga ko'ina, wata rana sai ya tsaya a rabin hanya.

An kuma ƙara na'urorin taimaka wa direba har guda goma, ko da yake yawancinsu sai wanda ya biya ƙari ya samu, shi ya sa ba kowace 'yar tokumbo ke zuwa da su ba. Wadda ta fi shiga raina ita ce Attention Assist, mai lura da yadda hannun direba yake juya sitiyari idan gudu ya kai kilomita 80 a awa, in ta ga alamar gyangyaɗi ta yi ƙara ta nuna hoton kofin shayi a gaban direba. Na taɓa ganinta ta yi wa wani abokina haka muna dawowa daga Zariya bayan isha'i, ya rantse idonsa biyu, amma bai yi gardama ba da muka ce ya tsaya a wurin mai shayi.

Maganar inji ita ce ta fi rikitarwa, kuma a nan ne ra'ayin masu sha'awa a Turai da Amurka ya rabu da na makanikanmu. Tunda yawancin waɗanda ke kan titunanmu daga Amurka aka shigo da su, bari in bi jerin can. Kafin kwaskwarima, C300 tana ɗauke da inji mai silinda shida na lita 3.0, wanda ake kira M272, mai ƙarfin doki 228, C350 kuma tana da na lita 3.5 mai doki 268. A ƙirar 2012 aka shigo da C250 mai silinda huɗu, lita 1.8 da turbo, mai doki 201, aka kuma ba C350 sabon inji M276 mai fesa mai kai tsaye cikin silinda, ƙarfinsa ya haura zuwa doki 302. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne C300 ta 2012 ta ci gaba da amfani da tsohon injin nan na lita 3.0, sai a ƙirar 2013 aka sa mata M276 na lita 3.5 da aka rage wa ƙarfi zuwa doki 248. Ke nan C300 ta 2012 da ta 2013 fuskarsu ɗaya, cikinsu ɗaya, amma abin da ke ƙarƙashin bonet ba ɗaya ba ne.

Ga mai karanta mujallun motoci, sabon injin ya fi ta kowace fuska, domin ya fi ƙarfi kuma ya fi tsimin mai, musamman da aka haɗa shi da giya mai hawa bakwai da aka inganta, wato 7G-Tronic Plus. Makanikin da nake kai wa mota, dattijo ne da ya shekara talatin yana kwance injin Marsandi, ba haka yake kallon abin ba. Ya ce mini, "Malam, injin da ke fesa mai kai tsaye yana son mai mai tsabta, famfonsa da nozul ɗinsa ba sa haƙuri, kuma ranar da suka gaza kuɗinsu ba na wasa ba ne. Tsohon kuwa ko yaron shagona ya san shi ciki da waje." Shi a wurinsa C300 ta 2012 ita ce zaɓin mai hankali, tunda ta haɗa sabon ɗaki da tsohon injin da aka riga aka gama sanin halinsa, kayan gyaransa kuma suna nan birjik a Ƙofar Ruwa da Fanteka. Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, domin na tuƙa ta 2013 na ji yadda take amsa totur idan za a wuce tirela, kuma wanda yake shan mai a gidan mai na kirki, yake juye baƙin mai a kan kari, ba shi da dalilin tsoron M276. Inda muka haɗu da shi shi ne a kan C250. Mota ce mai sauƙin shan mai, gabanta ba nauyi, tana da daɗin juyawa a cikin gari, amma ƙarar injinta da sanyin safiya ba ta yi kama da ta motar alfarma ba, kuma masu ita a ƙasashe da dama sun sha yin magana a kan sarƙar taimin da famfon mai. Wanda zai saye ta ya je da sassafe, ya sa a tayar da ita a gabansa injin yana sanyi, ya kasa kunne a daƙiƙun farko.

Wannan ya dawo da ni kan sana'ar ɗaga mota, wadda ta zama ruwan dare a garejojinmu. Ana sauya bonet, da bamba ta gaba da ta baya, da fitilu huɗu, mai waya ya yi dabararsa don kada agogo ya riƙa nuna alamar ƙonewar ƙwai, mai fenti ya rufe aikin. Ba na ganin laifin wanda ya yi wa motarsa haka don jin daɗin kansa, kuɗinsa ne kuma motarsa ce. Abin da nake ƙi shi ne a sayar da ita da sunan shekarar da ba tata ba, domin mai saye yana biyan kuɗin sassa dubu biyu ne ya tafi da guda goma. Sau da yawa ma fitilun da ake sawa ba na asali ba ne, haskensu yana warwatsewa ya kashe wa mai tahowa ido, bayan damina ɗaya kuma su fara tara raɓa a ciki. Bonet ɗin asali na sabuwar ƙirar na alminiyom ne, don haka ɗan maganaɗisu ba ya kama shi, wanda kuwa aka ƙera a wani wuri don kasuwar ɗagawa galibi ƙarfe ne. A motocin da aka yi don Amurka harafi na goma a lambar shasi yana faɗin shekara: 8 da 9 na 2008 da 2009 ne, A da B na 2010 da 2011, C, D da E kuma su ne 2012, 2013 da 2014, wato masu kwaskwarimar gaske. Wannan ƙa'ida ba ta aiki a kan waɗanda aka yi don Turai, a nan sai dai a dogara da dashbod, ko da yake shi ma yanzu akwai masu sauya shi idan mai mota ya buɗe bakin aljihu.

Ƙanena bai sayi baƙar motar ba, ba don tana 2009 ba, sai don dillalin ya ƙi sauko da farashinta zuwa na 2009. Bayan mako uku ya samu wata farar C300 ta 2011, mai tsohuwar fuska da murfi a kan dashbod, wadda mai ita na farko ya ajiye takardun duk wani gyara da aka yi mata. Makanikina ya ɗaga ta a rami ya duba ƙarƙashinta da fitila saboda tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan ƙasashen ƙanƙara, ya ce lafiyarta ƙalau. Tun a hanyar komawa gida ƙanen nawa ya fara tambayata nawa ake sayar da fitilun 2013 da bamba, na ce masa ya fara sauya tayoyi huɗun tukuna.