Tukunya Ɗaya Na Raba Bakwai, Na Yi Shekara Uku Ina Kiwon Ganye

Har yau idan na tuna ranar da na ɗauki adda na sassare tushen agapanthus, wata shukar ado da Gwaggo ta ba ni a tukunya, sai haushin kaina ya dawo mini sabo fil. Ba wanda ya aike ni. Tukunyar na zaman zamanta, shekara biyu a jere tana fitar da kara goma sha ɗaya zuwa goma sha biyu, kowanne da dunƙulen furanni shuɗaye a kansa, kamar an soka ƙwallo a kan sanda. Ni kuwa na leƙa na ga saiwoyi sun cika ta maƙil, sun turo ƙasa sama, wasu ma sun leƙo ta hudar gindin tukunyar, sai na ce ai wannan shuka tana shan wuya. In faɗi gaskiya, ba tausayi kaɗai ba ne. Na riga na buga lissafi a raina: in tukunya ɗaya ta ba da kara goma sha biyu, bakwai fa?

Wanda bai taɓa zare agapanthus daga tukunya ba, ba zai gane irin saƙar da ke ciki ba. Saiwoyin farare ne, masu kauri da ruwa a jiki, sun nannaɗe juna har ba a ganin ƙasa. Da hannu ba ya rabuwa, dole sai da sara. Wani ruwa mai yauƙi ya yi ta fita daga inda na yanka, ban sa safar hannu ba, na kwana ina susar hannuwa. Ashe ruwan jikinsa yana sa ƙaiƙayi, kuma ba abin barin yaro ko dabba su tauna ba ne. Na fitar da gutsure bakwai, kowanne da tsiro ɗaya ko biyu. Wani ƙaton ɓari ya rage, tukwane sun ƙare, ni ma na gaji, sai na cusa shi a tsohuwar tukunyar da ta tsage wajen zarewa, na jingine ta a jikin katanga inda rana ke dukan wurin tun safe har la'asar. Na manta da ita.

Su bakwai ɗin nan kuwa gata na yi musu na ƙin ƙarawa. Manyan tukwane, kowace ta ninka tsohuwar. Ƙasa baƙa mai laushi, na cakuɗa da kashin kaji. Na jera su a ƙarƙashin bishiya don kada rana ta ƙona su. Duk bayan 'yan makonni in barbaɗa takin yuriya.

Shekarar farko ba fure, ban damu ba, don na san in an raba shi yakan yi fushi na shekara guda. Shekara ta biyu ganye ya yi kyau har ana tsayawa kallo, kore shar, faɗinsa kamar ɗamara, yana zubowa ta bakin tukunya. Fure ko ɗaya babu. Me na yi? Na ƙara yuriya. Biyu daga cikinsu suka fara rawaya daga tsakiya, da na ja ganyen sai ya biyo hannuna, gindin ya ruɓe yana wari. Ƙasa ta yi wa 'yar saiwar yawa, ruwa ya kwanta a ciki ba mai shanye shi.

A wannan shekarar ce tsagaggiyar tukunyar jikin katanga ta fitar da kara huɗu. Na tsaya a kanta ina kallo kamar an mare ni. Amma taurin kai bai bar ni na karanta abin da ke gabana ba, na ce dace ne kawai.

Gwaggo ce ta warware mini a shekara ta uku. Ta zagaya tukwane biyar ɗin da suka rage, ta tura yatsa a ƙasar ɗaya, ta ɗaga kai ta dubi bishiyar, sannan ta dube ni.

“Kai ɗan nan, fure kake so ko ganye?”

Na ce, “Gwaggo, ai ba abin da ban yi musu ba.”

Ta ce, “Shi ne ai. Wanda ya ƙoshi yana kwance a inuwa, me zai tashe shi? Garin neman ƙiba ka samo rama.”

Dariya ta yi, ni ban yi ba.

Daga baya na bi abin dalla-dalla na ga kowane gata da na yi, da ƙofar da ya rufe. Yuriya sinadarin naitirojin kaɗai take ba shuka, kashi 46 cikin ɗari, aikinta gina ganye, shi kuwa fure sinadarin fotash yake nema. Inuwa ita ce babbar mai hana shi fure, yana son rana ta kai awa shida a yini. Ƙatuwar tukunya kuma ta sa ya mai da hankali ga shimfiɗa saiwa, sai ya cika wurin kafin ya tuna da wani abu. Duk waɗannan da sauƙi, a yini ɗaya ana gyara su. Saran nan ne ba ya gyaruwa sai da lokaci. Gutsure mai tsiro ɗaya tamkar an mai da shi jariri ne, ba shi da ajiyar da zai ɗauki nauyin fure. Da biyu na raba shi, ko uku, kowanne da tsiro masu yawa, da shekara ɗaya kawai zan rasa. Dama ba a raba shi sai bayan shekara huɗu zuwa biyar, in an ga furen ya fara ja da baya. Nawa kuwa yana kan ganiyarsa na hau shi da adda. Wannan ne yake ci mini rai.

Sai kuma na yi kuskure na biyu, wanda ya fito daga cikin na farko. Tunda na ji an ce wahala yake so, sai na ɗauke wa tukunyar katanga ruwa da zarar furenta ya bushe, wai tana hutu. Shekarar da ta biyo kara ɗaya tal ta ba ni. Ashe ba hutu take ba. A watannin da ke bin bayan fure ne yake ƙulla na baɗi a can cikin gindinsa, inda ido ba ya gani. Wanda ya bar shi da ƙishirwa a lokacin, sai bayan wata tara ko goma zai ga sakamako, ya rasa ma me ya jawo. Matsi yake so, ba yunwa ba.

Abin da na yi da biyar ɗin, mai da su na yi tare, uku a tukunya ɗaya, biyu a ɗaya, yadda za su ji kafaɗar juna. Ƙasa kashi biyu, tsakuwa ƙanana da yashi mai gautsi kashi ɗaya, don ruwa ya riƙa wucewa. Ban binne wuyansu da zurfi ba. Na kwashe su daga ƙarƙashin bishiya zuwa jikin katangar nan. Na ɓoye buhun yuriya inda ba zan riƙa ganinsa ba, na koma takin ruwa irin wanda ake ba tumatir, mai fotash da yawa, duk mako biyu daga fitowar sabon ganye har makonni bayan fure ya ƙare. Karan da ya gama fure ina yanke shi daga tushe kafin ya ɗaura iri, amma ganye ba na taɓawa sai wanda ya bushe don kansa. In sanyi ya shigo sai in rage ruwa, ba in yanke ba, domin nawa irin da ba ya zubar da ganye ne. Akwai masu zubarwa, su sun fi jure sanyi mai tsanani, kuma a lokacin barcinsu ruwa kaɗan ya ishe su.

Wani abin dariya, Turawa na kiransa furen Nilu, alhali ba abin da ya haɗa shi da Kogin Nilu. Asalinsa kudancin Afirka ne, Afirka ta Kudu da maƙwabtanta irin su Lesotho da Mozambik, inda ake samunsa a gangaren duwatsu da filayen ciyawa. Da na san haka tun farko, da ban shimfiɗa masa katifa a inuwa ba. Sunan kuma daga Girkanci ne, ma'anarsa furen ƙauna. Tawa ƙaunar dai shekara uku ta ci masa.

Bana, wata safiya ina cire dodon koɗi daga tsakanin ganye, don nan ne maɓoyarsu, sai yatsana ya taɓa wani abu mai tauri a tsakiyar tukunyar mai uku. Na buɗa ganyen. Wani ɗan kai ne mai tsini, kore, a rufe ruf kamar bakin mashi. Na tsuguna a wurin na fi minti goma. Kwana biyu bayan haka na ga na biyu. Karan ya yi ta miƙewa har ya kai mini ƙugu, amma kan ya ƙi buɗewa, na shiga zullumi. Na taɓa karanta labarin wani ɗan ƙuda da aka fara gani a Ingila a 2014, wanda tsutsarsa ke shiga cikin toho ta lalata shi kafin ya buɗe, sai na riƙa juya nawa ina neman tabo. Ba komai. Nawarsa ce kawai. Fatar ta tsage ta gefe ɗaya, 'yan furanni suka leƙo a cure, suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya har kusan wata guda.

Kara biyu ke nan, a inda na yi mafarkin tamanin da huɗu. Tukunyar mai biyu har yanzu ganye take ba ni, ban kuma ce mata komai ba. Darasin ya bi ni har kan boganbiliya, wata shukar adon da ke bakin ƙofa, wadda ita ma na cika da ruwa da taki tana ta reshe ba launi. Da na rage mata, na bar ƙasarta tana ɗan bushewa tsakanin ban ruwa, ta yi ja.

Tsagaggiyar tukunyar kuwa ta dawo da kara bakwai. Tsagar ta ƙara faɗi, na ɗaure ta da waya, ruwa ma da kyar yake shiga saboda cunkoson saiwa, kuma na san in matsin ya wuce kima shi ma yana hana fure. In ta gama na bana zan mai da ita wata tukunyar da ta fi ta da faɗin yatsa biyu kacal, a dunƙulenta. Addar tana ɗakin ajiya, Gwaggo ta ce in ta sake ganin ta kusa da tukunyar nan za ta zo ta ɗauke abinta.